Awon Idon Gimbiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ki daina cewa ta warke alhali kina ɗingishi.

Kin yi ƙorafin na yi shiru. Wallahi aiki ne ya sha kaina. Kin san a sashenmu na yara a asibiti muna auna matsin ido, domin idan ruwan cikinsa ya taru yakan danne jijiyar gani, yaro ya makance ba a ankara ba. Tsohuwar na'urarmu sai an ɗiga magani, yaro ya ɗora haɓa a kan ƙarfe, a taɓa ƙwayar idonsa ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Babba ma gabansa na faɗuwa, balle ɗan shekara uku. Da ya runtse ido yana kuka awon ya lalace, sai dai a yi masa allurar barci.

Yanzu an kawo wata ƙarama ta hannu. Wani ɗan tsinke ke fitowa ya taɓa ido ya koma, kafin yaro ya ƙifta an gama. Babban Likita bai yarda da ita ba. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa auna yara da duka biyun ina rubutawa. Ya amince, amma fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Wata yarinya ce ta sa na nace. Gimbiya muke ce mata, don ba ta gaida kowa. Shekararta huɗu, da ciwon aka haife ta, sau biyar ana sa ta barci don awo kawai. A na ƙarshe ta daɗe ba ta farfaɗo ba, uwarta ta rantse ba za a ƙara ba. Wata biyar ke nan ba wanda ya san halin da idonta ke ciki.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Na ji an ba ki sanda kina ɓoye ta in an yi baƙi. Allah Ya ƙara sauƙi.

Yara tamanin na auna. Sabuwar takan ɗara tsohuwar da maki biyu ko uku, a idon da ke da tabo kuwa ba ta da tabbas. Wannan bai yi min daɗi ba, amma na rubuta shi yadda yake.

Uwar Gimbiya ta kawo ta bayan na dame ta da waya. Na fara auna idon 'yartsanarta, na auna na uwar, sannan yarinyar ta yarda ta zauna tana hararata. Idonta na hagu lafiya lau. Na dama talatin da huɗu, abin da bai kamata ya wuce ashirin da ɗaya ba.

Babban Likita ya ce wataƙila ƙarin na'urar ne. Na miƙa masa littafina, na nuna masa cewa a ido marar tabo ba ta taɓa ƙara fiye da huɗu ba. A cire huɗun ma, yarinyar tana cikin haɗari. A tsaye ya karanta shafukan duka, sannan ya ce a kira ɗakin tiyata. Uwar ta yi kuka, ta ce in dai don aiki ne ba don awo ba, ta yarda. A can suka sake aunawa da tasu, talatin da ɗaya. An yi aikin, ta farka lafiya, kuma idon yana gani.

Yanzu an tsai da doka: kowane yaro da sabuwar za a fara, in ta nuna hawa a tabbatar da tsohuwar.

Jiya Babban Likita ya shigo ɗakina, ya ja kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa kusan a ƙirji, ya ce Sista, nuna min yadda kike riƙe sabuwar nan. Mutumin da ya shekara talatin yana tiyatar ido, Yaya. Sau biyu ina gyara masa hannu, a na uku na ce ya yi daidai.

Ki gaida maigidan da yara, ki kuma riƙe sandarki.

Taki har kullum,
Auta