Gyambon da Ban Duba Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ba za ki karɓe ta daga hannuna ba, sai dai ki ce a ajiye a kan akwati. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Gidan Tarauni yana nan. Autarki Ummi ta koma ɗinki, ta mayar da kekenta ɗakinki wai ya fi haske. Kajinki saura huɗu. Matan layi har yanzu in sun shigo sai sun leƙa ɗakin kafin su tuna. Ni kuma ina nan Gyadi-Gyadi, kullum ina asibiti ina wanke wa mutane gyambo kamar yadda na saba.

Wannan aikin ne yake ba ni kunya yanzu, Inna. Shekara goma sha huɗu ina yin sa. Har gida ake ɗaukata, Darmanawa, Ƙauyen Alu, in koya wa mutane yadda za su kula da marar lafiyar da ya daɗe a kwance. Ni ne mai ɗaga murya cewa a juya shi duk bayan awa biyu, a duba bayansa da ido, kada a yarda da labari. Na sha yi wa manyan alhazai faɗa a kan iyayensu. To wa zai yi mini nawa faɗan?

Da ɓarin jikinki ya shanye aka sallamo ki gida, na kawo katifa mai laushi da leda da matasai, na rubuta lokutan juyi na manna a bango. Na ɗauka na gama. Ummi ita kaɗai ce a kanki, ga girki ga wanki, ga nauyin jikinki. A wata na uku ta ce mini wani wuri ya yi ja a ƙasan bayanki, inda ƙashi yake danne katifa. Bayan kwana biyu ta ce ya fashe.

A ranar ya kamata in shiga in ɗaga zanin in gani. Ban shiga ba. Ni ne ɗanki na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kakata ce ta goya ni, kuma da na yi aure na tashi sai na zama na Gyadi-Gyadi a wurinki. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ki. To ta yaya zan tsaya a kanki da safar hannu in buɗe miki jiki? Na ce wa kaina ke ma ba za ki yarda ba, kuma ban tambaye ki ba.

Sai na kawo auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo da zuma, na zaunar da Ummi a tsakar gida na koya mata a jikin matashi. A jikin matashi, Inna! Kullum da yamma in na taso aiki sai in tsaya in tambaye ta yaya wurin. Wata rana ta zo da murnarta ta ce ya bushe, ya yi baƙin ɓawo. Ashe maƙwabta sun ba ta shawara tana fasa kafso tana barbaɗa garin a kai. Ita tela ce, ina za ta sani? Amma ni na san baƙin ɓawo a irin wannan ciwo mataccen nama ne, ƙarƙashinsa rami yake ci. Na sani sarai, na ce mata alhamdulillahi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji warin. Ummi tana yi miki turaren wuta safe da yamma, amma hancina ya san wannan wari ko a cikin kasuwa ne. Mako guda cur ina jin sa daga bakin ƙofa, ina tashi in hau babur in tafi gida in ci tuwo.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Sista Rifkatu da muke aiki tare, mutuniyar Kudancin Kaduna, mace mai hannu da haƙuri, ta ji kina kwance ta ce za ta dinga biyowa tana duba ki in ta tashi. Mace ce, ba ruwanki da kunyarta. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, komai lafiya. Kin san dalili? Ba na so a ji a wurin aiki cewa mahaifiyar mai wankin gyambo ta yi gyambon kwanciya. Wannan ba kunyarki ba ce, Inna, girman kaina ne. Tir da ni.

Ranar da zazzaɓi ya rufe ki kika daina gane mutane, ranar na ɗaga zanin. Da na taɓa ɓawon sai ya lotsa. Ramin da ke ciki dunƙulen hannuna zai shige, har ƙashi ana gani. Muka kai ki asibiti, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Sista Rifkatu ce ta wanke miki shi kwana goma sha ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini maganarmu ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan sadakar arba'in Ummi ta gaya mini abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ta ce tun da ciwon ya fashe, da kin ji tsayuwar babur ɗina a ƙofar gida sai ki yi mata alama da hannunki mai lafiya ta juya ki ki fuskanci bango, ta sassauta miki zani. Kin hana ta faɗa mini da baki. Ita ma ta kasa, tana ganin ni ne yaya, ni ne ma'aikaci, na san abin da nake yi. Ni kuwa kullum ina tarar da ke kin ba ni baya, sai in ce Allah sarki Inna, ko a ciwo ba ta daina kunyata ba.

Ashe ciwon kike miƙo mini. Kin yi iyakar abin da uwa irinki za ta iya, saura taku uku tsakanina da gadon, ni kuma na durƙusa ina tambayar bayanki yaya jiki. Sau nawa kika jira, Inna? Me kike ji in kin ji babur ya tashi?

Ban nemi gafararki kina ji ba. Ina nema yanzu. Ki yafe mini, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya sada mu a inda babu cuta.

Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Auwalu