Ƙugiyar Baba ta tafi da kifi

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Yaya Yaya Hadiza da yara, yaya ruwa bana? Mu nan unguwar Bani Harisa a Madina lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙugiyar Baba da ka aiko a ba ɗana Faisal ta iso, amma ba ta hannunmu yanzu. Ranar Juma'a na kai shi wani ɗan tafki a cikin gona, bayan garin Madina, inda ake barin mutane su yi fatsa. Na ce ko sau ɗaya ya taɓa sana'ar kakansa. Wallahi Yaya, ya kamo tarwaɗa mai tsawon hannuna! Har ƙwalla na yi, ina cewa jinin masunta bai mutu ba.

Ashe su nan hoto kawai suke ɗauka da kifi, su mayar da shi ruwa. Kifin ya haɗiye ƙugiyar, na ce kawo wuƙa in feɗe shi. Kafin in miƙe, Faisal ya yanke zaren ya sake shi. Na yi masa faɗa da Hausa, ya amsa min da Larabci: “Halas ya Abuya,” wato ya isa haka babana, “zan saya maka sabuwa.”

Sabuwa, Yaya! Ƙugiyar da ta ciyar da gidanmu kaf.

Ka sa mu a addu'a, ni ma ina yi muku a Harami. Ka gaida kowa. Inna kuwa, in ta tambaya, ka ce mata jikanta ya kama babban kifi. Kada ka ƙara komai.

Ƙanenka,
Habu