Fuskar Dattijo a Talabijin

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa, yaya Baba da su Talatu? Da fatan kogi bai ci shinkafarmu ba. In Kawu zai zo Kaduna, a ba shi busasshen kifin Haɗeja.

Lafiyata ƙalau, sai gajiya. Malama tana nuna mana wasan kwaikwayo a talabijin, mu rubuta abin da muka fahimta. In an ɗauko hoto daga nesa, ina iyawa. Amma in kyamara ta matso, fuskar dattijo ta cika gilashi, sai in sunkuyar da kai yadda kika koya mini. Malama ta ce amsar tana idonsa, kuma in na sake faɗuwa zan maimaita aji.

Ki yafe mini, Umma. Ran Litinin zan kalle shi.

'Yarki,
Safara'u