Inna, Na Ga Harshen Raƙumin Dawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa da girmamawa zuwa gare ki, Inna, daga ɗanki na fari, wanda kika tura lakwal karatun boko ya dawo yana gyara miki magana. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ki makwancinki a Issawane. Yau na ɗauki alƙalami don akwai maganar da ban sami bakin faɗa miki ba kina raye.

Kin tuna shekarar fari, wadda soja suka karɓi mulki suka riƙa raba jar dawa a Mayahi? Rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, kajin ma aka cinye su. Ke da matan gari kuna shiga daji tsinkar anza, ku jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a iya dafawa. Ni kuwa na zo hutu daga Tasawa, ina ɗan kwalej, wandona da guga, kaina ya fi hulata girma.

A lokacin ne kika ce kin ga raƙumar dawa da ɗanta a gindin gawon da ke arewa da tsohuwar rijiya. Kika ce kina goye da Hadiza, ƙanwata, kika ɗaga kai sai ga ta tana kallon ki daga sama. Kika ce harshenta baƙi ne wuluk, kamar an tsoma shi a rijiyar marina, kuma da shi take naɗe reshe ta tsige ganye, ƙaya ba ta soke ta.

Maza suka ɗauki kwari da baka da bindigar toka guda ɗaya da ke garin suka fita. Ba su ga ko sawu ba. Da suka matsa miki da tambaya, kika ce ai kwana uku ke nan da ganin. Iska ta riga ta share rairayi.

Nan na tsoma baki, Inna, a gaban mutane. Na ce littafinmu ya nuna ƙasashen da raƙumin dawa yake, kuma Issawane ba ta ciki. Na ce yunwa kan sa ido ya ga abin da babu. Na ce in gaskiya ne, don me ba ki faɗa ba tun ranar? Aka yi dariya. Kika dube ni kika ce, “Ita ma fari ya koro ta, kama da kowa.” Kika koma wurin tukunyar anzarki.

Daga ranar aka laƙaba miki Mai-Baƙin-Harshe. Duk wanda ya shara ƙarya a garin sai a ce ya je gindin gawo. Kina jin su a rijiya, a gidan suna, kina murmushi. Har kika rasu ba ki sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

To, watan jiya jikarki Rabi, wadda ke aikin likita a Yamai, ta ce tunda na aje koyarwa ina zaman banza, sai ta kai ni dajin Kure in ga raƙuman dawa. Na ce me zan gani wanda ban gani a littafi ba? Kin ga halin nan bai bar ni ba.

Ashe ba a shiga dajin sai da jagora. Namu wani dattijo ne ɗan yankin, siriri, mai ƙarancin magana. Ya hau saman mota da sanda a hannu. In yana son direba ya yi dama sai ya buga gilashi ta dama, in hagu ya buga ta hagu. Muka yi ta kutsawa tsakanin gonakin gero da aka girbe. Ni ban ga komai ba sai itatuwa. Can sai ya buga rufi sau biyu, muka tsaya. Ɗaya daga cikin itatuwan ta motsa kunne.

Inna, su bakwai ne. Muka sauka muka taka a hankali, jagora a gaba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirunsu. Dabba mai wannan girma, amma ba gurnani, ba kuka. Tafiyarsu irin ta raƙuminmu na gida ce, ƙafafun gefe guda suna tashi tare. Carki na bin wuyansu yana cirar kaska, su ko a jikinsu. Na ga ɗaya ta buɗe ƙafafun gaba warwar don ta kai baki ƙasa, sai ta ba ni tausayi, don a wannan tsayuwar ko kare zai iya cin zalinta. Jagora ya ce manoman wurin na kuka da su saboda wake, har saman rumbu suke leƙawa. Na yi ta jero masa tambayoyi kamar ɗan aji ɗaya, har Rabi ta fara jin kunya.

Sai wata mai ɗa ta matso wani gawo kusa da mu. Ɗan ya laɓe a bayan ƙafafunta. Ta tsaya tana kallo na daga sama, ba ta gudu ba, ba ta matso ba. Da ta gama auna ni, ta juya ta miƙa harshe ta naɗe reshe.

Baƙi ne, Inna. Baƙi mai shuɗi-shuɗi, sak zanen da aka tsamo daga marina.

Raƙumin dawan da ke hoton littafinmu bakinsa a rufe yake. Shekara talatin ina nuna wa yara wannan hoton, ban taɓa tambayar kaina ba, matar da ba ta taɓa wuce Tasawa ba, ina ta samo launin harshen? Na zauna a ƙasa. Rabi ta zaci jiri ne ya ɗebe ni.

Na tambayi jagora ko suna nisa da gida. Ya ce in daji ya bushe sukan yi tafiyar da ba a zato, kuma a shekarun fari da yawa sun bi ta garuruwa ba su dawo ba, don mai jin yunwa ba ya barin nama ya wuce.

Sai a nan na fahimci kwana ukun nan. Kin san abin da maza za su yi. Cikinki babu komai, Hadiza na tsotson nonon da ya kusa ƙafewa, ga naman da zai ciyar da gari ya tsaya a gabanki da ɗansa, kika yi shiru har sai da suka yi nisa. Har yanzu ina juya abin a raina. Ni da na ce na yi ilimi, ban san ko zan iya ba. Ina so in tambaye ki tsawon lokacin da kuka yi kuna kallon juna, da abin da ya sa kika faɗa daga baya, tunda kin riga kin ɓoye. Ko abin ne ya fi ƙarfin a riƙe shi a ciki?

Juma'ar da ta wuce na je Issawane. Cikin waɗanda suka yi dariya ranar nan, mutum huɗu suka rage, da ni na biyar. Bayan an sauko daga masallaci na tsayar da su, na nuna musu hoton da Rabi ta ɗauka a waya. Na ce Inna ba ta yi ƙarya ba, ni ne na ƙaryata uwata a bainar jama'a. Ba wanda ya yi dariya.

Ki yafe mini, Inna. Na yi kewar ki ƙwarai. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa baƙuwar nan da ɗanta. Amin.

Ɗanki mai neman gafara,
wanda ke alfahari da a kira shi ɗan Mai-Baƙin-Harshe.