Awa Takwas a Juneau

Juneau,
11 ga Mayu, 1999

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Cheryl da zafin Arizona da kuka zaɓa kuka zauna a ciki. In ka tambayi lafiyarmu, ko da yake ba ka tambaya ba, ni ina nan ƙalau. Mama kuwa sai a hankali.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, tare da littafin hotunan nan mai sheƙi da kamfanin jirgin ruwa ya ba ku. Sau uku na karanta ta, don na ɗauka akwai shafin da ya faɗi a hanya. Ashe babu. Shekara goma sha huɗu rabonka da garin nan, tun ranar da muka binne Baba, sai yau ka ɗauki biro ka rubuto wa yayarka, wai in gaya maka wanne ya fi: fita teku kallon manyan kifayen wel, ko hawa dutsen ƙanƙara. Har ka zagaye mini lambobinsu da jan biro don kada in sha wahala. Sannu da ɗawainiya, autan Mama.

Ka ce jirginku zai tsaya a nan ranar 24 ga Agusta, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Ka ce tafiyar ta cikar aurenku shekara ashirin da biyar ce, kuma Cheryl ba ta taɓa ganin wel ba. Can ƙasa, bayan ka gama tambayar irin takalmin da za ku zo da shi, sai ka ce, "In an samu lokaci za mu leƙa Mama." Leƙa! Ita ba a sa mata lamba a littafin ba ne, shi ya sa ta zo ƙarshe? Gidan da aka haife ka yana nan a Douglas inda ka bar shi, gada ɗaya za ka tsallaka, minti goma a mota.

Shekarata ashirin da ɗaya ina tsaye a bakin tashar jiragen ruwan nan da allo a hannu, ina tara masu yawon buɗe ido ina zuba su a motoci. Na san irinku. Ku sauko da rigar leda iri ɗaya, kuna tambayata ko muna karɓar dala a nan, kamar ba ƙasa ɗaya muke ba, ko ƙarfe nawa ake sako beyar daga daji. Wata ta taɓa tsayar da ni ta ce, "Baiwar Allah, me ya sa ba kwa wanke ƙanƙarar nan? Duk ta yi datti." Na shanye, aikina ne. Amma ban taɓa zaton wata rana za a sauko mini da yaron da na yi wa wanka na kai makaranta a cikinsu ba. Kai da wel ya taɓa jiƙa ka sharkaf a kwalekwalen Baba har ka yi fitsari a wando, yau kai ne za ka bi layi a nuna maka shi.

Bari in gaya maka abin da babu a littafinka. Mama ta cika tamanin da uku. Zuciyarta ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, matakala shida na ƙofar gida sun fi ƙarfinta. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce in akwai wanda take son gani, kada a bari sai baɗi. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa in ka bugo waya ranar Kirsimeti kake jin tana ta "to, to." Ko kalma ɗaya ba ta ji. Ni ke juya ta a gado, ni ke yanke mata farce, ni take yi wa faɗa in shayi ya huce. Kai take ambata.

Na karanta mata wasiƙarka, na tsallake layin ƙarshe. Tun ranar ta sa na rataye kalanda a gefen gadonta.

Ba zan zaɓa maka komai yau ba. Raina a ɓace yake, in na ci gaba zan rubuta abin da ba zan iya shiga coci da shi ba.

Mama tana gaishe ka. Ita ce ta ce, ba ni ba.

Yayarka,
Darlene


Juneau,
20 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Wendell,

Ina gaishe ka, da fatan kun tashi lafiya, kai da Cheryl. Yaya ciwon bayan da ka cika rabin shafi da labarinsa? Allah ya sawwaƙe. Mu ma muna nan, ruwan sama bai ɗauke ba tun Laraba.

Amsarka ta zo. Ka ce halina bai sake ba, ƙaramar magana sai in mai da ita babba. Ka ce ban san abin da aure yake ba, tun da nawa bai kai shekara huɗu ba. Wannan kuma na ajiye maka shi, ba zai ruɓe ba.

Na ga lissafin da ka yi. Ku fita kallon wel ƙarfe takwas da rabi, ku dawo ƙarfe ɗaya, sannan ku zauna da Mama har lokacin komawa jirgi. Awa uku ke nan. Ka rubuta "cur" a bayansa, kamar wanda ya yi kyautar gida. Shekara goma sha huɗu, awa uku.

To, tun da shawarata ka nema, ga ta. Ku bar maganar wel. Awa huɗu za ku yi kuna kallon ruwa, in kun yi sa'a ku ga bayan kifi da wutsiya daga nesa, Cheryl tana amai a leda. Ku ɗauki lamba goma sha huɗu: helikwafta ya ɗauke ku ya sauke a kan ƙanƙara, can sama inda ake ajiye karnuka masu jan keken ƙanƙara. Za ta ga dutsen, za ta ga dabbobi, za ta samu hoton da za ta nuna wa ƙawayenta. Ƙarfe tara ake tashi, sha biyu kun sauko. Ka sayi tikitin a cikin jirginku, kada ka saya wajen masu rumfa a bakin tasha, domin na jirgi ne kawai in an makara ake jira. Kuma kowa sai an ɗora shi a sikeli kafin ya hau, saboda haka ka gaya wa madam kada ta rage ko laba ɗaya a takarda, a gaban jama'a za a kama ta. Maganar yanayi kuwa ka bar mini.

Mama ta sa an sauko da tukunyar da take yi maka miyar kifi a ciki. Ta sa maƙwabcinmu ya ƙyafe mata kifin salmon guda biyu, ta hana kowa taɓawa. Jiya ta ce in nemo mai gyaran gashi ta zo gida ranar 23 ga Agusta. Na ce, "Mama, saura wata biyu fa." Ta ce, "Ke dai ki nemo, kin cika gardama. Shi ya sa ba kya ƙiba ta arziki, sai ta baƙin rai." Ka ga irin godiyar da nake samu.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake ɓata takardata a kanka. Ka gai da Cheryl in ka ga dama.

Yayarka,
Darlene


Juneau,
26 ga Agusta, 1999

Wendell,

Gaisuwa, da fatan sanyin da kuka sha ya sake ku. Na aika wannan gidanku, za ka tarar da ita tana jiranka. Mama tana kwance tun shekaranjiya, ba ta cin komai sai ruwan shayi.

Minti biyu na gan ka. Ka sauko da lambarka manne a ƙirji, ka rungume ni da hannu ɗaya don ɗayan yana riƙe da kyamara, ka ce, "Darlene, kin zama giwa!" Na ce, "Kai kuma gashinka ya bi Baba." Shi ke nan hirar shekara goma sha huɗu. Ni da hannuna na sa ka a mota.

Ka san abin da ya faru a sama, bari ka ji na ƙasa. Sha ɗaya saura, Marvin, mai kula da tashin helikwaftocin, ya kira ni ta rediyo. Ya ce, "Darlene, hazo ya rufe hanya. Mutum goma sha biyu suna can tare da karnuka, babu mai sauko da su sai ya buɗe." Na ce, "Yaushe?" Ya ce, "Ni na halicce shi? Ke ba 'yar garin nan ba ce?" Na ba wata allona, na tafi gida.

Na tarar da Mama a kujera tun bakwai na safe, da rigarta ta coci, gashi a gyare, tebur a shirye da faranti huɗu. Na sa baki a kunnenta na gaya mata. Ka san abin da ta fara tambaya? "Ya sa riga mai kauri kuwa? Yaron nan ƙirjinsa ba ya son sanyi." Yaron da ya ba hamsin baya. Sau uku ta sa na ɗumama miyar.

An ce sai huɗu da minti goma hazon ya tsage, aka kwaso ku, mota ta wuce da ku kai tsaye bakin jirgi, mutum dubu biyu suna jiranku. Direban ya gaya mini ka tambaye shi ko za a iya bi ta Douglas, ya ce, "Yallaɓai, kyaftin ya yi ƙaho sau biyu." Ya ce ka tsaya a gindin matakalar jirgi kamar minti ɗaya, sannan ka hau. A nan nake tuhumarka, kuma ba zan daina ba. Kowane mako jirgi yana barin wani a garin nan, ya kwana, da safe ya bi ƙaramin jirgin sama ya tarar da shi a tasha ta gaba, Skagway. Mashaya ma suna yi. Da ka ce wa Cheryl ta hau, kai ka juyo. Ba ka yi ba, don akwatinka yana ciki, kuma an shirya muku liyafa da yamma.

Yanzu saura nawa laifin. Da zan iya haɗiye shi da na haɗiye, amma ya tsaya mini a wuya.

Ba don Cheryl ta ga karnuka na zaɓa muku helikwafta ba. Na zaɓa ne don na san ba zai tashi ba. Duk wanda ya yi aiki a tashar nan ya san ƙarshen Agusta: jirgin kallon wel yana fita ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, helikwafta kuwa hazo kaɗan ya ajiye shi. Cikin kwana ashirin da uku na watan nan, sau huɗu kawai suka tashi. Na yi lissafin za ku sauko a ce muku an soke, ku nemi na wel ku tarar ya cika, ba ku da wurin zuwa sai gida. Awa takwas nake so in ƙwato wa Mama, kuma, ba zan yi maka ƙarya ba, ina so in ga fuskar matarka. Sai ranar gari ya waye garau, sama kamar an wanke faranti. Garin neman gira na rasa ido.

Ba a nan ma ya tsaya ba. Lokacin da kake tsokanata a bakin mota, na ɗaga kai na ga siririn gajimare yana kwantowa ta bayan dutsen. Na san shi, kai ma da ba ka manta garinku ba da ka san shi. Magana ɗaya ce, "kada ka hau." Amma ni na ba da shawarar, kuma in na faɗa zai zama kamar roƙonka nake yi. Na gwammace in mutu da in roƙe ka, sai na rufe ƙofar motar.

Mama ba ta san wannan ba. Tun a watan Yuni, da na kai mata ƙararka a kan awa ukun nan, cewa ta yi, "Ki bar shi ya kai matarsa ta ga kifin. Awa uku ai da yawa ne, ni da barci ke ɗauke ni bayan awa ɗaya." Ita ta yarda, ni ce na raina.

Biyar da 'yan mintoci muka ji ƙahon tashi. Ka san jirage ta gaban gidanmu suke wucewa. Ta ce in fitar da ita baranda. Na ce akwai sanyi, ta ce, "Ki ɗaga ni ko in rarrafa." Matar da ta yi wata biyar ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta miƙe ta kama ƙarfen baranda, ta fizge tawul daga kafaɗata tana kaɗawa. Jirgin ya zo, hawa goma, mutane cike a kowane hawa. Da suka ga tsohuwa tana kaɗa tawul, sai duk suka hau ɗaga mata hannu, yadda kuke yi wa kowane abu a bakin ruwa. Ta ce, "Ga shi can! Darlene, kin gan shi? Ga shi can yana ɗaga mini hannu!" Na ce na gan shi. Ba ta zauna ba sai da jirgin ya sha kwana, kuma tun daga nan ba ta sake tashi ba.

Ban san ko kana waje a lokacin ba, ko kana ɗaki kana jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Kada ka gaya mini, ba na son sani. Ka tsane ni in kana so, ka samu dalili yanzu, ni ma nawa yana nan. Abu ɗaya za ka yi, kuma ga shi yau na roƙe ka. Ka rubuto mata da manyan baƙaƙe, don tana so ta karanta da kanta, ka ce ka gan ta. Rigar shuɗiya ce mai farin wuya. Tawul ɗin ruwan ɗorawa ne, kada ka kuskure launin. Da hannun hagu take kaɗawa, ni ina riƙe da ita ta dama.

Ka aiko ta jirgin sama, kada ka jira ka huta. Likita ya zo yau da safe, ya daɗe a ƙofa yana ɗaura igiyar takalminsa kafin ya yi mini magana.

Yayarka,
Darlene