Ai Taka Ce, Baba

Rusholme, Manchester
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya a Birmingham, ke da Baba da motata. A'a, motarsa. Kin ga hannuna ma ya ƙi rubuta shi daidai.

Na cusa takardar nan cikin kwalin filogi da bel ɗin fanka, don na san ke ce mai buɗe kwali a gidan. Ban yi miki WhatsApp ba, saboda matata, yayarki Zinatu, tana ɗaukar wayata, kuma dariyar da ta yi mini ta isa haka.

Ranar da kuka kawo mana ziyara kina kicin lokacin da abin ya faru, to ga yadda aka yi. Bayan cin abinci na buɗe gareji don surukina ya ga Wolseley ɗin nan ta 1961, wadda kuke cewa ta fi iyalina samun kulawa. Na kunna fitila, ɗan tambarin da ke hancinta ya haska. Baba ya zagaya ta, ya shafa katakon dashbod, ya ce, "Kai Sunusi, motar nan ta yi kyau." Ni kuma, da yake an yi mini tarbiyya, na rusuna na ce, "Ai taka ce, Baba." Kowa ya san amsar wannan magana. Babba yakan ce Allah ya yi albarka, ta fi dacewa da kai, a wuce wurin. Baba sai ya miƙo hannu ya ce, "Madalla. Ina makullin?" Washegari sai ga motar ɗaukar motoci a ƙofar gidana.

Ruƙayya, a wata gona na samo motar nan, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ni da 'yata Inaya muka kankare tsatsa, muka sauke injin, muka sake wayoyinta kaf. Duk Asabar sai yarinyar nan ta baro ɗakinta na jami'a a Fallowfield da rigar aiki a jaka. Ita ma ban taɓa bari ta tuƙa ba. Ko a ranar ta roƙe ni a gaban Baba, na ce sai ta ƙara hankali. Ga shi na riƙe hankalin, motar ta tafi.

Ba zan iya cewa a dawo mini da kyauta ba, balle daga hannun suruki. Amma wallahi raina yana can. Ki faɗa masa ya ja cok kafin ya tayar da inji da safe, kuma kada ya sa giya ta ɗaya sai ta tsaya cak.

Ki gaishe shi da ladabi, kada ki nuna masa wannan.

Yayanki mai gareji fayau,
Sunusi

*

Hall Green, Birmingham
Watan Mayu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alhaji Ubaidullah zuwa ga ɗana Malam Sunusi. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gidan, musamman amaryata Inaya, wadda ta ƙi zuwa ta dafa wa angonta tuwo.

Bayan haka, kayan da ka aiko sun iso, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a na je masallaci a motar. Jama'a suka kewaye ta, na shaida musu cewa surukina ne ya ba ni, ba tare da na roƙa ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a da sunanka, mutane suka amsa da ƙarfi. Wasu sun ce za su ba surukansu labari don su yi koyi.

Tun rasuwar Hajiya ban fita gari kamar na watan nan ba. Maƙwabcina Malam Bobai, wanda ke da gareji a bayan layinmu, yana zuwa bayan ya taso daga coci mu sha shayi a gefenta. Akwai 'yan gyare-gyaren da na ga sun dace, shi zai taimaka mini. Kada ka damu kanka, na san hannu ya riga ya saki.

Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Alhaji Ubaidullah

*

Hall Green
Watan Yuni

Yaya Sunusi mai kyautar manya,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya pharmacy, ya kewar amarya? Yaya Zinatu ta ce kullum sai ka shiga garejin ka tsaya kana kallon ɗigon man da ta bari a ƙasa. Allah ya ba ka haƙuri, ni dai na yi dariya har da hawaye.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Baba ya rataya carbi a madubi, ya shimfiɗa ɗan kafet mai gashi a kan dashbod, wai kada rana ta ci katakon. Wannan duk mai sauƙi ne. Shi da Baba Bobai sun huda jikinta sun ɗaura seat belt gaba da baya. Sun cire tsohon dainamo sun sa na zamani, sun ƙara wa birki ƙarfi, sun maƙala madubi a kowace ƙofa. Na ce, "Baba, Yaya Sunusi fa original yake so." Ya ce, "Yaya Sunusi yana da mota ne?"

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kujerar direba. Sun ɗaga ta, sun matso da ita gaba. Ka san tsawon Baba. Yanzu in ya shiga sai ya cire hula, gwiwoyinsa na dungurin sitiyari kamar wanda ya zauna a kujerar 'yan firamare. Na tambaye shi dalili, ya ce likita bai hana ba.

Ga shawara, kuma kyauta na ba ka, ba irin taka ba. Ka zo da kanka ka yabi motar a gabansa, a gaban mutane. Shi ma ɗan tarbiyya ne. Dole bakinsa ya suɓuce ya ce taka ce, kai kuma ka miƙa hannu kafin ya rufe baki. Ka taho da kilishin nan na Wilmslow Road, ladan mai shawara.

A gaishe da Yaya da Inaya.

Ƙanwarka mai tausayinka kaɗan,
Ruƙayya

*

Rusholme
Watan Yuli

Ruƙayya,

Salamu alaikum, ko da yake ba ki cancanci gaisuwa mai tsawo ba. Kin tura ni fagen fama kin tafi aikin asibiti, to ga sakamakon shawararki.

Na same su a ƙofar gida, shi da Malam Bobai da wasu dattawa. Na durƙusa na gaishe su. Na zagaya motar, na haɗiye abin da na ji da na ga ramukan da aka huda, na ce, "Kai Baba, motar nan ta yi kyau." Ya ce, "Sosai kuwa." Na ƙara gyara murya na ce ban taɓa ganin mota mai kyanta ba, duk wanda ya mallake ta ya more. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na more." Na yabi fenti, na yabi taya, har kafet ɗin nan mai gashi na yaba, Allah ya yafe mini. Da na gama sai ya juya ga dattawan ya ce, "Kun ji ko? Ya ba da, kuma yana taya ni murna. Irin wannan ɗa sai an tona."

Daga nan ya ce in shiga ya zaga da ni. A kujerar fasinja, Ruƙayya! Amma zan faɗa miki gaskiya, birkin ya fi da, kuma injin yana tashi bugu ɗaya. Baba yana tuƙi a tanƙware yana ɗaga wa mutane hannu, yana ba ni labarin kowane layi. Rabon da in ji dariyarsa haka tun Hajiya na da rai. A jirgin ƙasa da zan dawo na tsinci kaina ina cewa to shi ke nan, a bar masa. Raina bai daina so ba, amma na haƙura.

Wadda nake jin nauyi ita ce Inaya. Ta daina zuwa ranar Asabar. Na kira ta, ta ce, "Dad, me zan zo in yi? There's nothing to fix." Rabin aikin motar nan nata ne, na kyautar ban ko tambaye ta ba. Ta ce za ta zo wurinku in an yi hutun uni. Ki lallashe ta.

Kilishinki yana wurin Malam Bobai, in ya rage.

Yayanki,
Sunusi

*

Hall Green
Watan Agusta

Yaya Sunusi,

Salamu alaikum. A tsaye nake rubutu, don mai kawo takardar tana ɗumama inji.

Jiya Inaya ta buɗe bonet, ta duba aikin Baba Bobai, ta ƙara ɗaure wata waya. Sannan ta shiga ta zauna, ƙafarta ta kai kan kuloci daidai, kamar an auna ta da tef. Ta ce, "Kaka, she's gorgeous. Ta yi kyau wallahi." Baba ya ce, "Ai taki ce, amaryata." 'Yar Manchester ba ta san wani a'a ta fi dacewa da kai ba. Ta ce, "Seriously?" ta warce makullin, ta rungume shi har hularsa ta faɗi. Ashe tuni ya gama maganar insurance da sunanta.

Yanzu na gane zancen kujera. Ka buɗe gareji, ka share ɗigon man. Ta ce ta ƙananan hanyoyi za ta biyo, kada ka fara kiran waya.

Taka,
Ruƙayya

*

Daga Alhaji Ubaidullah zuwa ga ɗana Malam Sunusi. Aminci ya tabbata a gare ka.

Bayan haka, na girme ka a wannan al'ada, na san irin "taka ce" ɗin da ka faɗa mini. Amma kafin ka faɗa na ga hannun yarinyar nan, duk baƙin mai a farce, na kuma ga fuskarta da ka ce sai ta ƙara hankali. Ni kaka ne, ba a hana ni son kai.

Motar za ta kwana a garejinka, amma ba taka ba ce. In kana son hawa, ka yabe ta a gaban mai ita, ka ga ko za a dace. Sharaɗina ɗaya, ta riƙa kawo ku Birmingham kai da mutanen gidan, don na saba da fita yanzu. Kujerar baya tana da bel.

Kafet ɗin kuwa naka ne, wannan har zuciya.

Wassalam,
Alhaji Ubaidullah