Bututun da Ya Huda Katanga

Litinin, 5 ga Mayu
An gama cinikin gidan Baba. Yaya ya sa hannu ya kama gabansa, ni aka bar wa sauya sunan mitar wuta da ta ruwa. Duk aikin da ba mai so, kaina yake ƙarewa. Ta wuta dai ba ta wahalar da ni ba.

Laraba, 7 ga Mayu
Ma'aikacin ruwa ya zo duba mita. Ya rufe duk famfunan gidan, amma mita sai juyawa take. Muka bi bututu har bayan kicin, sai ga shi ya huda katanga ya shige gidan Inna Mai Keke, tsohuwar telar da ke maƙwabtaka da mu. Wallahi na manta shaf. Baba ne ya ja mata da hannunsa shekarar da gwiwoyinta suka ƙi, mun saba ganinsa har mun daina ganinsa. Ma'aikacin ya ce ba sauya suna sai an toshe. "Hajiya, mita ɗaya, gida ɗaya." 

Alhamis, 8 ga Mayu
Na roƙi mai kemis ɗin da ya sayi gidan ya bar mata bututun. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don ban sami wanda zan yi wa faɗa ba. Ya ce ko ya yarda ofishin ruwa ba za su yarda ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Yaya a waya: "To ni ya zan yi? A ja mata nata mana." Kamar ban tambaya ba! Babban bututu a ƙofarmu ya tsaya. Nata sai an fasa titi, kuma ba wanda ya san ranar.

Talata, 13 ga Mayu
Na shiga in gaya wa Inna. Kafin in zauna ta kama bakin siket ɗina, wai wane maras tsoron Allah ne ya yi mini wannan kalmasar. Matar nan tun ina ƙarama ba ta taɓa ganina daidai ba. Ta ja ƙafa zuwa famfo, ta taro mini a kofi. "Sha, ruwan Babanku ne." Na sha. Na fito ban gaya mata ba.

Juma'a, 16 ga Mayu
An yanke, an toshe. Ina tsaye ina jin ta ta bayan katanga tana murɗa famfo. Ya yi ɗan tari, ya yi shiru.
"'Yar nan, a wajenku ma an ɗauke?"
Na ce, "An ɗauke, Inna."
Na miƙa wa mai kemis makullai. Kuka na yi a mota, kukan takaici.

Asabar, 24 ga Mayu
Na cika jarkoki a gidana na kai mata, tunda dama hanya ta biyo da ni. To, ba ta biyo ba sosai. Ina juyewa a bokitinta ina shirya yadda zan fara, sai ta ce, "Na ji ƙarar zarto ranar nan. Gwiwa ce ta mutu, kunne yana nan." Ba ta ƙara ba, sai cewa ta yi in kawo siket ɗin ta gyara.
Na gaya mata ba alkawarin kowace Asabar na yi ba, bayana ma ciwo yake. Jarkokin dai na bar su a mota, shiga da su gida wahala ne.